Yadda Ake Nuna wa Masu Yunwa Fim ɗin Karate

Mutumin da ya wuni bai sa komai a bakinsa ba, in ka ba shi dariya har ya riƙe ciki, taimakonsa ka yi ko cutarsa? Na daɗe ina juya wannan tambaya. Na kai ta wurin limamin unguwarmu a Tasawa, ya ce in dawo bayan la'asar. Da na dawo aka ce ya tafi ta'aziyya. Har yau ban san amsarta ba.

Amma kai ba amsa ka zo nema ba, sana'a ka zo nema, kuma ka faɗo hannun da ya dace. Ni ne Laminu, wanda ya yi wa Cha'ibu mai bidiyo aikin fassara a shekarar da damina ta ƙi, aka rufe iyakar Najeriya, soja kuma na kan mulki. Mun bi kasuwanni daga Tasawa zuwa Hawandawaki har Kanan-Bakashe, muna nuna wa mutanen da rumbunansu suka zama ɗakin gizo-gizo yadda Sinuwa, mutanen ƙasar Sin, ke dukan juna. In ka bi matakan nan ba tare da ƙara naka wayo ba, na yi maka alkawarin abu uku: zaurenka zai cika, injinka zai kwana a hannunka, kai ma za ka kwana a gidanka. Na ƙarshen ne ya fi wuya.

1. Sayar da mai numfashi, ka sayi mai tari

Kada ka shiga wannan sana'a da rarar dukiya. Mai rara ba ya jin tsoro yadda ya kamata, kuma tsoro shi ne rabin jarin.

Yi yadda Cha'ibu ya yi. Ya sayar da shanun nomansa tun suna iya tsayuwa da ƙafarsu, ya sayo tele, da bidiyo, da wani tsohon gurup mai ba da wuta wanda ke shan isansi, wato fetur, yana tari kamar mai shan taba. Daga ranar nan duk abin da matarsa da 'ya'yansa ke ci daga bakin wannan akwati yake fitowa. In aka ɗauke akwatin, an ɗauke tukunyar gidan. Riƙe wannan a ranka, domin duk sauran matakan a kansa suke tsaye.

Sannan ka nemi zaure kusa da kasuwa, ka toshe ƙofa da tabarmi don rana kada ta shigo. Zafi zai kusa kashe ku. Ba komai. Wanda zafi ya dama yakan manta cikinsa na ɗan lokaci.

2. Zaɓi kaset mai ban dariya, kada ka kula da hoton kwalinsa

Kada ka kawo fim ɗin kuka. Kuka kowa na da shi a gida, kyauta. Kawo na karate mai barkwanci, inda ake dukan mutum da tsintsiya ya yi tsalle ya faɗa cikin randa.

Namu kaset ya ƙetaro iyaka ne a cikin buhun barkono, shi ya sa duk wanda ya buɗe kwalinsa sai ya yi atishawa. A jikin kwalin akwai hoton wani ƙato mai jan kyalle a goshi yana shure damisa. A cikin fim ɗin babu ƙaton, babu damisar. Kada wannan ya dame ka. Masu kwali dabam, masu fim dabam, kuma ba su taɓa haɗuwa ba.

Kaset ɗin kwafi ne na kwafin wani kwafi. Hoton yana yayyafi daga sama har ƙasa. In an yi maka ƙorafi, ka tuna wa mutane cewa bana wannan ne kawai ruwan da za su gani yana sauka.

Akwai kuma wani abu da ya kamata ka shirya masa. A farkon fim, lokacin da rubutu ke wucewa, mutanen ciki duk dogaye ne sirara kamar karan gero, saboda an matse hoton don rubutun ya samu wuri. Da rubutu ya ƙare, sai kowa ya kumbura ya yi ƙiba nan take. Ranar farko da muka nuna shi a Kanan-Bakashe, wani tsohon manomi da ake kira Dodo, wanda ke zaune a gaba da sandarsa, ya juyo ya ce wa jama'a, “To, su kam taimako ya iso masu.”

Aka yi dariya. Ni ma na yi. Da na san abin da ke gaba da ban yi ba.

3. Fassara, ko da ba ka jin ko kalma ɗaya

Ba sai ka ji Sinanci ba. Ni karatun boko ma a jikin buhunan taki da kwalayen shayi na koya, kuma bai taɓa hana ni fassara ba. Tsaya gefen tele, ka dubi fuska. Mai ɗaure fuska yana cewa, “Ka kashe malamina.” Mai murmushi yana cewa, “Ni na kashe shi.” Saura duk cikon zance ne.

Raɗa wa kowa suna. Aktan namu wani ɗan dako ne mai tumbi, wawa, mai tsoron kaji, wanda ba ya cin nasara sai bisa kuskure. Jama'a suka sa masa Na-Tumbi. Mugun kuwa shefbandi ne, shugaban 'yan fashi, kamar kullum.

Wata rana zuciyarka za ta tambaye ka: ƙaryar da ka yi wa mutumin da ke can ƙarshen duniya, wanda ba zai taɓa jin labarinta ba, ana rubuta ta? Na yi wannan tunani har ya hana ni cin goro. Shawarata ita ce ka bar shi sai bayan an tashi kasuwa. Mai fassarar da ya tsaya tunani, fim zai wuce ya bar shi.

4. Kalli kaset ɗinka kai kaɗai kafin ka tara mutane

Mu ba mu yi ba. Cha'ibu ya ce isansi ya yi tsada a ƙona shi don mutum biyu.

A tsakiyar fim ɗin ashe akwai biki a gidan shefbandi. Tebur ne dogo kamar layin masu awo. Shinkafa fara sol a manyan kwanoni, taliya, kifi, agwagi gasassu a rataye suna ɗigar mai. Na-Tumbi ya shigo bisa kuskure, faɗa ya kaure. Ya fizgi agwagwa ya maka wa wani a fuska. Aka kife tebur. Yaran shefbandi suka riƙa zamewa cikin shinkafa suna faɗuwa, kwano ya kife a kan wani yana yawo yana lalube. Daga kiɗan da aka sa, ka san a ƙasarsu nan ne wurin da ake dariya har hawaye.

A zaurenmu ko tari ba wanda ya yi. Sai ƙarar gurup a waje. Na buɗe baki in fassara, na ji yawu ya cika shi.

Can Dodo ya ce, a hankali, kamar mai magana da kansa, “Wagga shinkahwa da sunka zubda, da ta kai gidana har kaka.”

Daga baya cikin duhu wata murya ta amsa, “Ai tamu ta taimako ma haka anka yi da ita, Baba. Sai dai ita ba a ƙasa ta zube ba.”

Sai aka yi dariya, amma ba irin wadda muka sayar musu ba.

5. Gane mutumin da ba ya dariya

A kowane zaure akwai shi. Namu sunansa Ɗan Malam. Yana zuwa daga Mayahi a kan mobilet, wani ɗan ƙaramin babur, ba ya biyan kuɗin shiga, yana zama a baya da baƙin tabarau cikin duhu. Ba wanda ya san takamaimai wa yake yi wa aiki, kuma ba wanda ke son ya zama na farkon sani.

Ka fahimci zamanin. Rediyo ta ce ba wanda zai mutu da yunwa a ƙasar nan. Ba wanda ya zo ya hana mu faɗin kalmar. Mu da kanmu muka gane cewa tun da an riga an yi alkawari, duk wanda ya ji yunwa yana neman ƙaryata manya ne. Saboda haka mutane suka koma mutuwa da zazzaɓi da tsufa, har da yara.

Da aka watse, Ɗan Malam ya tsaya yana shafa kan tele kamar mai taya akuya.

“Cha'ibu, fim ɗinka na da kyau.”

“Mun gode, ranka shi daɗe.”

“Amma atansiyo, ka yi hattara. Wurin cin abincin nan yana tada hankalin jama'a, yana sa su maganar da ba tasu ba. In na ƙara ganin shi, tele da bidiyo da gurup za su tahi Mayahi su yi bayani. Ku biyu kuma ku raka su.”

Bayan ya tada mobilet ɗinsa, Cha'ibu ya zauna a ƙasa. Ya ce, “Laminu, ka zama shaida. Wallahi ko uwata ce ta roƙe ni, ba ni ƙara nuna wurin nan.”

6. Ɓoye abincin

Hanya uku ce, biyu ba su da amfani. Na gaya maka su don kada ka ɓata isansi.

Ta farko, ka danna maɓallin gudu. Kada ka yi. Hoton ba ya ɓacewa, sauri kawai yake ƙarawa, sai mutane su ga ana cinye agwagwa cikin ƙiftawar ido. A Hawandawaki wani ya tashi ya fita yana zagin iyayenmu.

Ta biyu, ka yi ƙarya. Na ce musu ba shinkafa ba ce, farin yashi ne da Sinuwa ke horo da shi. Wani ya ce, “To, mi ya sa yashin ke tururi?”

Ta uku ita ce sana'a. Ka aro zanen matarka. Da an doshi gidan biki, ka lulluɓe tele, ka ce wurin nan akwai abin da bai kamata Musulmi ya gani ba. Wannan ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, abin da ya sa na fi son ta ke nan. Sauti zai ci gaba da fita, saboda haka ka cike da baki. Ni nakan ce, “Yanzu an kira taron jama'a, ana tattauna ci gaban ƙasa.” In aka ji kwanoni na fashewa, in ce an samu saɓanin ra'ayi. In aka ji tauna da santi, in ce haka Sinuwa ke tafi.

Abin mamaki, zanen ya ƙara mana kasuwa. Samari suka riƙa cika zaure suna leƙen gefensa, suna zaton mata ne a ciki. Wani malami ya tare Cha'ibu a hanya ya sa masa albarka saboda kare tarbiyya. Ɗan Malam ya ci gaba da zuwa, yana kallon zane da tabarau.

7. In tsoho ya roƙe ka, dubi gurup

Wata ranar kasuwar Kanan-Bakashe, muna sauke kaya, Dodo ya zo ya tsuguna kusa da mu. Ya rame fiye da yadda muka bar shi.

“Ɗana Cha'ibu, alfarma nika nema.”

“Faɗi, Baba.”

“Wurin nan na shinkahwa. Ka buɗe shi sau guda, tsohuwata ta gani.”

Ya ba mu labari. A gidansa anza suke ci, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki kafin su haɗiyu. Don jikoki su daure su ci, sai ya riƙa ba su labarin teburin shefbandi, kwano bayan kwano. Yara na haɗiya suna saurare. Matarsa Ramatu kuwa ta ce ƙarya yake. Ta ce babu ƙasar da Allah ya yi inda za a zubar da abinci haka a sa kiɗa. Ta ce tsufa ya fara taɓa masa kai, ta faɗa a gaban jikoki, yanzu su ma sun daina yarda, sun daina haɗiya.

“Tun da munka yi aure ban taɓa yi mata ƙarya ba,” in ji Dodo, “in ba ta kuɗin goro ba.”

Cha'ibu ya dubi gurup. Ka koyi wannan: gurup ba shi da ido, ana iya kallonsa a ce a'a.

“Baba, na yi rantsuwa. Kuma ka san mai mobilet. Ɗiyana mi za su ci in an ɗauke kayan ga?”

“Gaskiya ne,” in ji tsohon. Ya dafa sanda ya tashi. Bai yi fushi ba, abin da ya fi ciwo ke nan.

Na auna abin a raina: gaskiyar tsoho a gaban matarsa a gefe guda, tuwon 'ya'yan Cha'ibu a ɗaya gefen. Na kasa gane wanda ya fi nauyi, sai na goyi bayan wanda ke biyana. Kai ma haka za ka yi. Yawancin manyan tambayoyi haka ake warware su.

8. Kada ka bar tsohuwa ta zauna a gaba

Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci, kuma ba ni da dabarar cika shi.

Mata ba sa shiga zauren bidiyo. Amma tsohuwa ta wuce wannan doka, kamar yadda ta wuce sauran. Kasuwa ta gaba, mun tada gurup ke nan, sai ga wata 'yar ƙaramar tsohuwa ta ɗaga tabarmar ƙofa, da ƙwaryar ganyen da ta kasa sayarwa a kai, Dodo na biye da ita kamar wanda aka kamo. Ta ratsa samari, ta zauna dab da tele.

“Ina wanda ke ƙaryar?” ta ce.

Aka nuna ni.

“To, fara.”

Ɗan Malam na baya, a wurinsa. Ta waiga ta dube shi. “Wancan makaho ne? Mi ya kawo shi kallo?” Wasu suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa.

Fim ya tafi daidai. Ta yi wa Na-Tumbi faɗa da ya gudu daga kaza. Da aka doshi gidan biki, Cha'ibu ya tashi ya lulluɓa zane, ni kuma na gyara murya na ce an kira taron jama'a.

“Kai ɗan nan,” in ji Ramatu, “shanya kake yi?”

“Inna, wurin ga bai kamata...”

“Ni na baro gida in ga zane? Irin shi gare ni, har ya fi wanga haske.”

Ta miƙa hannu ta fizge shi ta ɗora a cinyarta. Cha'ibu ya kai yatsa zai kashe bidiyo, ta buge hannun. “Taɓa ka gani.” Mutum ba ya kokawa da sa'ar uwarsa a gaban kasuwa guda. Ya tsaya da hannu a sama, gumi na zuba.

Tebur ya bayyana. Shinkafa, kifi, agwagi. Babu abin fassarawa. Aka fara jifa da abinci, aka kife tebur, kiɗan ban dariya na tashi shi kaɗai.

“Ashe gaskiya ne, Malam,” ta ce wa mijinta, ba ta juya ba.

“Na hwaɗa maki,” in ji Dodo.

“Yi mani shiru. 'Yan banza, ba su da uwaye ne? Ku dube shi yana taka ta da takalmi!” Sai ta matsa gaba har hancinta ya kusa taɓa gilashi. “Tsaya. Hannun wa ne wancan?”

Hoton sinima faɗi gare shi kamar tabarma, tele kuwa kamar faifai take. Masu juya fim a kaset sukan yanke gefe da gefe su zubar, har da mutanen da ke wurin. To, can ƙasa ta hagu, inda ba mai kallo saboda faɗa na tsakiya, wani hannu ya shigo daga wajen hoton, iyakarsa gwiwar hannu. Siriri ne. Ya lallaɓa cikin ƙafafun masu faɗa, ya damƙi cinyar agwagwa da ta faɗi, ya haɗa da shinkafa cikin tafi, ya koma inda ya fito.

Zaure ya ɗauka gaba ɗaya. “Ga namu! Wallahi wanga namu ne!”

Cha'ibu ya samu ya danna maɓalli, hoto ya tsaya. Cikin shirun da ya biyo baya muka ji an tashi daga baya. Takalmin Ɗan Malam kaɗai ke da ƙara a garin.

Ba ruwana

Kafin in ƙarasa, bari in wanke hannuna. Alkawarin da na yi maka a farko na yi shi ne don ka karanta, kamar yadda ake yin sauran alkawura a ƙasar nan. In ka bi matakan nan aka ɗauke maka inji, ko aka kai ka inda ake aske kai ba da ruwa ba, kada ka ambaci sunana. Ban san ka ba, ban taɓa zuwa garinku ba, kuma ba na jin Sinanci. Ba ni da alhakin tsofaffin da za su shigo maka, ko na abin da mai tabarau na garinku zai yi, don kowane gari da irin nasa. Abin da namu ya yi kawai zan iya shaida.

Ɗan Malam ya ratso mutane har gaban tele. Da ya zo kusa na ga ɗamarar wandonsa, an ƙara mata huda da ƙusa, ba ɗaya ba. Ya cire tabarau, ya sunkuya, ya dubi kusurwar hagu inda yanzu babu komai sai yayyafi.

“Laminu.”

“Ranka shi daɗe.”

“Mai hannun nan, ya kai bakinshi?”

“Ba a gani. An yanke gefen.”

Ya ƙara matsawa kusa da gilashi. Sannan ya ce, “Cha'ibu, maida baya.”

“Ranka shi daɗe, kai ka ce in ka ƙara ganin...”

“Ni zane na gani yau, kamar kullum. Maida baya.”

“Na yi rantsuwa, na ce ko uwata ce ta roƙe ni.”

“Ka ce ko uwarka,” in ji wani daga baya. “Wagga ai ba uwarka ba ce!”

“Ka yi azumin kaffara,” in ji Ramatu. “Dama mi kake ci?”

Cha'ibu ya dubi ƙofa, ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Sai ya sa yatsa ya danne maɓallin baya. Hoto ya fara gudu da baya. Hannun ya fito ya ajiye cinyar agwagwa a ƙasa, zaure ya yi ihu, “A'a! Kar ka maida!” Sannan shinkafa ta tashi daga ƙasa ta koma cikin kwanoni, tebur ya miƙe da ƙafarsa, agwagi suka hau ƙugiyoyinsu ɗaya bayan ɗaya, har Dodo ya yi kabbara.

“Ya isa nan,” in ji Ɗan Malam. Ya tsuguna a ƙasa kusa da tsohuwar. “Inna, ɗan matsa, ta nan gefen ƙila a hango shi.”

Cha'ibu ya saki maɓalli. Duk zauren ya karkata hagu.